TARIHIN KAFIRETA, DA DALILIN DA YA SA TSOHON BABUR KE MUTUWA A SILO

Kun saba ganina da bayanin waya, yadda ake gyara wajen caji ko yadda ake ceto wayar da ta faɗa ruwa. Yau za mu ajiye waya a gefe mu leƙa gareji. Rubutun yana da ɗan tsawo, amma idan kana da tsohon babur a gida, ko kana shirin sayen ɗaya, ka daure ka kai ƙarshe.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana wani tsohon Honda CG125. Ya yi kusan shekara biyu a jingine a soro, babu mai taɓa shi. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023, kuɗin mota zuwa kasuwa ya fara cinye min ribar gyara, sai na fito da shi na wanke na zuba mai. Ya tashi kuwa. Amma da zarar na saki totur sai ya mutu. A danja ya mutu, a kwana ya mutu. Ran nan ya mace min a tsakiyar mahaɗa, saura ƙiris mai adaidaita ya kwashe ni ta baya.

Na kai wa wani matashin bakanike. Ko minti biyu bai yi ba, ya sa sukundireba ya ɗaure notin silo har injin ya riƙa ihu, ya ce an gama. Babur ya daina mutuwa, gaskiya ne. Amma giyar farko ta koma shiga da ƙara kamar za ta fasa injin, zafi ya ƙaru, mai kuma kamar ana kwarararwa a ƙasa. Yayana ya ce kawai a sayar wa 'yan gwangwan a raba kuɗin. Ni kuma na kasa, don a bayan babur ɗin nan aka riƙa kai mu firamare.

Wani dattijon bakanike ne ya cece shi, irin waɗanda suka yi zamanin Benly da Roadmaster. Da na ba shi labari sai ya yi dariya ya ce: "Yaro, noti shi ne ƙarshen aiki. Duk wanda ya fara da shi, ɓoye cuta ya yi." Maganar nan ce ta sa na koma na bi tarihin wannan ɗan ƙarfe, kuma a cikin tarihin na gane abin da yake nufi.

MENE NE AIKIN KAFIRETA?

Ka fara riƙe wannan: injin ba ya ƙona fetur yana ruwa. Sai an tarwatsa shi ya zama kamar hazo, ya gauraya da iska, sannan tartsatsin fulogi ya kama shi. Gaurayar kuma tana da awo. Don fetur ya ƙone tas, kowane giram 1 nasa yana buƙatar iska kusan giram 14.7. Idan ka mayar da shi lissafin lita, kowace litar fetur tana tafiya da iska wajen lita 9,000. Ka ga ashe babur ɗinka iska ya fi sha, fetur ɗin kamar gishiri ne a miya.

Idan mai ya yi yawa, baƙin hayaƙi da asara. Idan iska ta yi yawa, zafi da rashin ƙarfi. Duk tarihin kafireta, tun daga 1885 har yau, neman hanyar daidaita wannan awo ne a kowane irin gudu, da sanyi da zafi, ba tare da kwamfuta ba.

FARKON LAMARI A JAMUS

A shekarar 1885 wasu Jamusawa biyu, Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach, suka ɗora ƙaramin injin fetur a kan wani keke na katako. Shi ake ɗauka a matsayin babur mai injin fetur na farko. Gudunsa bai wuce kilomita 12 a awa ba, wato mai keke ma zai iya wuce shi.

Kafiretan wancan lokaci ba irin wanda ka sani ba ne. Gwangwani ne mai fetur a ciki, iska ta bi ta kan fetur ɗin ta kwashi tiririnsa ta shige injin. Dabara ce mai sauƙi, amma matsalarta da yawa. Ɓangaren fetur mai saurin tashi shi ke fara ƙarewa, a bar maka ragowar da ba ta son kamawa. Da safe cikin sanyi tiriri ya yi kaɗan, da rana ya yi yawa. Idan ka faɗa rami man ya girgiza, awon ya canja. Direba kullum hannunsa na kan wani maɓalli yana ƙara iska yana ragewa.

Toshewar hanyar mai ma tun lokacin aka fara ta. A watan Agusta na 1888 Bertha Benz, matar Karl Benz, ta ɗauki motar mijinta da 'ya'yanta biyu ta yi tafiyar sama da kilomita 100 daga Mannheim zuwa Pforzheim. Babu gidan mai ko ɗaya a lokacin, a kantin magani ta sayi mai a garin Wiesloch. A hanya bututun mai ya toshe, ta zare allurar hularta ta zurkuɗe shi. Ka riƙe labarin allurar nan, za mu dawo kansa.

Babban sauyi ya zo a 1893. Maybach ya fito da kafireta mai fesa mai ta wani siririn rami, da ɗan kofi a ƙasa mai fulot a ciki, wanda ke tsayar da man a kan awo ɗaya kullum, kamar yadda fulot ɗin tankin ruwa ke rufe famfo idan ya cika. A wannan shekarar dai wasu injiniyoyi biyu 'yan ƙasar Hungary, Donát Bánki da János Csonka, su ma suka yi rajistar irin wannan dabara. Kofi, fulot da jet: su ne abubuwan da za ka gani yau idan ka kwance kafiretan babur ɗinka.

Amma me ke ɗago man daga kofi zuwa sama alhali babu famfo? Amsar ta girmi babur da kusan shekara ɗari. Wani masani ɗan Italiya, Giovanni Battista Venturi, ya yi rubutu a 1797 kan abin da ke faruwa idan ruwa ya bi ta bututun da aka matse tsakiyarsa: gudunsa na ƙaruwa a wajen matsin, ƙarfin dannawarsa kuma na raguwa. Haka iska ma take yi. Leƙa cikin maƙogwaron kafireta za ka ga tsakiyarsa ya fi bakinsa matsewa. Idan fistin ya ja iska, tana wucewa ta wurin da gudu, sai ta tsotso mai daga jet. Irin abin da ke faruwa ne a tsohon famfon feshin maganin sauro, mai gwangwani a gaba.

A NAN AKA HAIFI MATSALAR SILO

To ga inda gizo ke saƙar. Wannan tsotso yana aiki ne idan iska na gudu sosai. A silo kuwa totur a rufe yake kusan gaba ɗaya, iskar da ke wucewa 'yar kaɗan ce, ba ta da ƙarfin ɗago mai ta babban jet. Shi ya sa injinan farko ba su iya zama shiru suna bugawa a hankali. Baburan farkon ƙarni na 20 da yawa ba su da kuloci ma, idan ka tsaya injin ya tsaya, sai ka tura ko ka taka feda ya sake tashi. A hannunsu akwai liba biyu, ɗaya ta totur ɗaya ta iska, mahayi ke haɗa awon da kansa yana tafiya.

Maganin da masu ƙira suka samo shi ne su yi wa silo hanyarsa daban. Sun lura cewa idan totur na rufe, a bayansa ta ɓangaren injin tsotso yana da ƙarfi ƙwarai. Sai suka huda wani ɗan rami a daidai wurin, suka ba shi nasa ƙaramin jet, da tasa hanyar iska, da noti na daidaita su. Wato a cikin kafireta guda akwai wani ƙaramin kafireta a ɓoye, aikinsa kawai ya riƙe injin lokacin da ka saki totur.

Idan ka gane wannan ka gane rabin matsalar. Ramin jet ɗin silo a ƙaramin babur bai kai rabin milimita ba. Shi ne rami mafi ƙanƙanta da mai ke bi, don haka shi ke fara toshewa. Idan babur ya daɗe a ajiye, man da ke kofi ya bushe ya bar wani danƙo kamar ƙaro, ya liƙe ramin. Babban jet yana nan a buɗe, shi ya sa babur ke gudu lafiya a titi amma ya mutu a danja.

ZAMANIN INGILA

Daga wajen 1920 zuwa 1960 Ingila ce uwa a harkar babura: BSA, Triumph, Norton, Matchless da sauransu. A ƙarshen shekarun 1920 kamfanoni uku masu ƙera kafireta, Amac da Binks da Brown and Barlow, suka haɗe suka zama Amal a birnin Birmingham. Sunan ma daga kalmar haɗaka ta Turanci aka yanko shi. Kusan duk babur ɗin Ingila da ka taɓa gani a tsohon hoto, Amal ne a jikinsa.

Tsarin da ya kafu a wannan zamani shi muke amfani da shi har yau: ɗan fistin mai hawa da sauka wanda wayar totur ke ja, da allura mai tsini a ƙarƙashinsa da ke shiga cikin bututun mai. Ka murɗa totur, fistin ya ɗaga, iska ta ƙaru, allura ta zaro, mai ya ƙaru tare da ita. Da wannan aka raba aiki kashi-kashi. Daga rufe zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas na totur, jet ɗin silo ke riƙe da injin. Daga nan zuwa kwata, yankan da ke ƙasan ɗan fistin ɗin ke magana. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce. Daga nan zuwa ƙurewa, babban jet. Don haka idan matsalarka a silo take, bakanike ya ce zai canja maka babban jet ko ya ɗaga allura, ka san ya tafi wata unguwar daban.

Amal sun fitar da samfurin Monobloc a tsakiyar shekarun 1950, sannan Concentric a 1967. Suna da wani ɗan maɓalli a gefe da ake dannawa da safe, ya danne fulot har mai ya tumbatsa ya jiƙa maka yatsa, sannan ka buga kik. Lalurarsu kuma sananniya ce: ƙarfen jikinsu mai laushi ne, da tafiya ta yi tafiya ɗan fistin ɗin ya cinye ramin da yake ciki ya fara lilo, iska ta riƙa satar hanya ta gefe. Daga nan silo ba ya sake zama wuri ɗaya, ko wane irin gwani ne ya saita. Wannan cuta tana kama tsofaffin kafireta na kowane kamfani.

JAPAN TA KARƁI RAGAMA

Japanawa da koyo suka fara. Kamfanin Mikuni, wanda aka kafa a 1923, da lasisin Amal ya shiga ƙera kafiretan babur a shekarun 1930. Keihin kuma an kafa shi a 1956, ya zama mai yi wa Honda. A Italiya akwai Dell'Orto, wanda masu Vespa suka sani, a Jamus kuma Bing na baburan BMW.

Shi Soichiro Honda bakanike ne kafin ya zama mai kamfani. A 1946, bayan yaƙin duniya na biyu, ya riƙa sayen ƙananan injinan janaretan rediyon soja yana ɗaura wa kekuna a garin Hamamatsu. A 1948 ya kafa kamfanin Honda. A 1958 ya fitar da Super Cub, wanda a 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100. A 1969 kuma CB750 ya fito da silinda huɗu da kafireta huɗu, waɗanda dole a saita su su riƙa numfashi tare, in ba haka ba silo ya riƙa rawa. Cikin 'yan shekaru kamfanonin Ingila suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya.

Abin da Japanawa suka fi kowa ba sabuwar dabara ba ce. Daidaito ne. Ramukansu awo ɗaya suke fitowa, kofinsu ba ya yoyo, babur ya tashi da bugu ɗaya ya zauna a silo kamar agogo.

Labarin CG125 kuwa ya fi shafar mu. A 1974 Honda ta tura ma'aikatanta biyu su zaga Thailand, Malesiya, Indonesiya, Filifin, Iran da Pakistan su ga yadda talakawa ke amfani da babur. Suka tarar ana ɗaukar mutum uku ko huɗu a kai, ba a juye baƙin mai sai ya yi kauri, iyakilina ta takarda ta cushe da ƙura ta sandare, kuma ba a zuwa gareji sai babur ya tsaya cik. Maimakon su tsaya zargin mutane, sai suka ƙera babur da zai jure wannan hali: injin mai sauƙin haɗi da ba ya saurin lalacewa ko mai ya tsufa, da iyakilina ta soso da za a wanke a mayar. Ya fito a 1975. A 1976 aka fara ƙera shi a Manaus ta ƙasar Brazil, a Pakistan kuma har yanzu ana yin sa.

A nan gida, shekarar 1975 ɗin ce aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a zamanin Janar Gowon, kuma dattawa na ba da labarin yadda malaman makaranta da akawuna suka yi ta sayen babura da rediyo. A 1979 Honda ta kafa kamfaninta a Ota ta jihar Ogun. Daga baya baburan Caina suka cika kasuwa, kuma da yawan injinansu kwafin na CG ne, kafiretansu kuma kwafin Keihin. Ke nan abin da zan faɗa maka yanzu zai yi maka aiki ko babur ɗinka ba Honda ba ne.

YADDA DATTIJON YA BI AIKIN

Ya yi fiye da awa ɗaya bai taɓa notin silo ba. Ga tsarin da ya bi, ka bi shi a jere kada ka tsallake.

1. Fulogi. Kalarsa ke ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. Ruwan ƙasa kamar shayi mai madara, lafiya. Baƙi mai gawayi, mai ya yi yawa. Fari fat, iska ta yi yawa. Tazarar bakinsa a irin waɗannan babura milimita 0.6 zuwa 0.7 ce.

2. Tafet. Ana auna shi injin na sanyi. Na CG milimita 0.08 ne, na Cub 0.05. Idan ya matse, bawul ba ya rufuwa da kyau, matsin injin ya ragu, babur ya riƙa mutuwa idan ya ɗauki zafi. Mutane da yawa sun sayi sabon kafireta a banza saboda tafet. Idan kuma naka tsohon samfuri ne mai kontak, a duba tazararsa da lokacin wuta.

3. Hanyar mai. Zare tiyo daga kafireta ka buɗe famfon tanki. Ya kamata mai ya zubo sosai, ba ɗigo ba. Murfin tanki yana da ɗan ramin numfashi, idan ya toshe mai zai riƙa yankewa. Idan ka ga jan gari a cikin man, tanki ya yi tsatsa, kuma ko ka wanke kafireta sau goma zai sake toshewa sai ka wanke tankin ka sa 'yar matata a tiyo.

4. Iyakilina. Lokacin hunturu ƙura na cika soson da wuri. Idan ya toshe, kamar ka bar cok a rufe ne. A wanke, a shanya ya bushe, a ɗan shafa masa baƙin mai a matse. Kada ka cire shi gaba ɗaya wai don babur ya yi numfashi, ƙura za ta cinye maka ringi.

5. Satar iska. A nan aka kama ɓarawon farko a babur ɗinmu. Robar da ke tsakanin kafireta da kan injin ta tsufa ta tsage ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Iska na shiga ta nan ba tare da ta ɗauko mai ba. Alamarta ita ce ka saki totur amma injin ya ƙi saukowa da wuri, ko silo ya riƙa hawa da sauka da kansa.

6. Wankin kafireta. Rufe famfon mai, kuma ka yi nesa da wuta da masu shan taba. Ɗauki hoton komai da wayarka kafin ka kwance. Cire kofi, cire jet biyun, ka ɗaga ƙaramin ka kalli haske ta cikinsa. Namu da na sa shi a madubin da nake duba allon waya, rabin ramin a liƙe yake. Shi ne ɓarawo na biyu. Yanzu ka tuna allurar Bertha Benz: ita bututu ta zurkuɗe, ba jet ba. Jet na tagulla ne, mai laushi. Ka sa masa allura ko wayar burki ka faɗaɗa ramin, shi ke nan ka kashe shi, babur zai riƙa shan mai har ranar da ka canja. A jiƙa shi da maganin wankin kafireta, a hure da iska. Idan ya ƙi, a sa silin burushi na roba. Ƙananan hanyoyin da ke jikin kafiretan su ma a hure su.

7. Fulot. Girgiza shi a kusa da kunne, idan ka ji ruwa a ciki ya huje. Idan allurarsa ta ci, mai zai riƙa tsiyaya ta tiyon ƙasa kuma silo ya cika da mai. Kada ka lanƙwasa harshensa da ka.

Sai bayan duk wannan ya ɗauki sukundireba.

SAITIN KANSA

Noti biyu ne, kuma aikinsu daban. Na farko, mai sifirin a waje, yana ɗan ɗaga fistin ɗin kafireta ne kawai, wato kamar ka riƙe totur kaɗan. Shi matashin nan ya ɗaure min. Na biyu ƙarami ne, shi ke daidaita awon mai da iska a silo.

Wannan na biyun iri biyu ne, kuma nan mutane ke ruɗewa. Idan yana ɓangaren iyakilina, na iska ne: ka kwance shi, iska ta ƙaru. Idan yana ɓangaren injin, sau da yawa ta ƙasa, na mai ne: ka kwance shi, mai ya ƙaru.

Ka hau babur ka zaga kamar minti 10 ya yi zafi, ka tabbata cok a buɗe yake kuma wayar totur na da ɗan sako. Kashe injin. Ɗaure ƙaramin notin a hankali kana ƙirga zagaye har ya taɓa ƙasa, ka rubuta adadin don ka san inda ka taso. Kada ka matse shi, tsininsa na lalacewa. Kwance shi zagaye ɗaya da rabi. Tayar da injin, ka ɗan ɗaga silo da babban notin don kada ya mutu. Yanzu ka riƙa juya ƙaramin kwata-kwata, kana jira kamar daƙiƙa 15 bayan kowane juyi kana saurare. Ta wani ɓangaren injin zai ɗaga, ta wani ya faɗi. Nemo inda ya fi ɗagawa kuma bugunsa ya fi daidaita, ka bar shi a nan. Sannan ka koma babban notin ka sauke silo zuwa inda ya dace, wajen juyi 1,300 zuwa 1,400 a minti. Da kunne, shi ne inda yake bugawa a natse, fitila ba ta lumshewa, giya kuma na shiga ba faɗa.

Gwada shi: ɗan murɗa totur ka saki. Idan ya hau ya dawo wurinsa nan take, an dace. Idan ya rataye a sama kafin ya sauko, mai ya yi kaɗan. Idan ya sauko ƙasa da wurinsa kamar zai mutu, mai ya yi yawa. Idan kuma ka juya ƙaramin notin ko ta ina injin bai ji ba, ko sai da ka kwance shi ya wuce zagaye uku, to ba matsalar saiti ba ce. Koma lamba 5 da 6.

Ka sani kuma kafireta bai san inda yake ba. Kano tana kan tudun da bai kai mita 500 daga teku ba, Jos kuwa ta haura mita 1,200. Iskar can ta fi sirantaka, don haka babur ɗin da aka saita a Kano zai ɗan cika da mai a Jos. Ba lalacewa ya yi ba, kwatan juyi ko rabi ya ishe shi.

ƘARSHEN ZAMANINSA

Wannan rashin sanin yanayi shi ya kawo ƙarshen mulkin kafireta. A 1980 Kawasaki ta fitar da babur mai fesa mai da lantarki, Honda ta biyo baya a 1982, BMW a 1983. Na'ura ce ke auna iska da zafi, kwamfuta ta lissafa man da za a fesa. Dokokin rage hayaƙi suka ƙarasa aikin. Super Cub kansa ya koma wannan tsari a Japan a 2007, Indiya kuma ta tsaurara dokarta a watan Afrilu na 2020, abin da ya sa yawancin sababbin baburan da ake sayarwa a can suka bar tsohon kafireta.

Ba zan yi maka ƙarya ba, sabon tsarin ya fi tsimin mai kuma ya fi tashi da safe. Amma ni mai gyaran waya na san abin da ke biyo baya. Da can kowa na iya buɗe bayan wayarsa ya canja batir. Yanzu a manne yake, wata wayar ma ka canja mata gilashi ta ƙi yarda da shi. Haka babur zai koma: idan ya tsaya maka a hanyar ƙauye, sai an nemo mai na'ura. Kafireta kuwa da sukundireba ɗaya da kunne mai kyau ake gyara shi a gindin bishiya. Masu irin wannan kunne suna tsufa, yara da yawa kuma canji kawai suka iya. Idan akwai irin dattijon nan a unguwarku, ka je ka zauna kusa da shi ka koya tun yana nan.

Babur ɗinmu dai roba ɗaya aka saya masa, sai wanki da saiti. Jet ɗin da ya zo da shi tun asali yana nan a ciki. Yanzu bugu ɗaya yake tashi, ya zauna a silo ina rufe ƙofar gida bai mutu ba. Yayan nawa da ya ce a sayar, ranar Asabar da ta wuce shi ya aiko a karɓar masa makullin.

Idan naka na yin irin wannan, ka rubuto min samfurinsa, da kalar fulogi, da abin da yake yi idan ka saki totur. Wanda na sani zan amsa, wanda ya fi ƙarfina zan kai wa dattijon. Ka tura wa wani mai tsohon babur kafin ya sayar da shi a banza. Sai mun haɗu a darasi na gaba, za mu koma kan waya.